Katsewar intanet a iyakar Bagudo da Benin: Yadda ake gano inda matsala take

A garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, kamar Tsamiya da Lolo da Illo da Ka'oje, katsewar intanet kan tsayar da harkoki da dama a lokaci guda.

Mai na'urar POS ba ya iya biyan kuɗi, ɗan kasuwa ba ya ganin shigar kuɗin kayan da ya sayar, mai shagon kwamfuta kuma ba ya iya cike wa ɗalibi takardar neman shiga jami'a.

Abin da akasari ake cewa a irin wannan hali shi ne "babu sabis", a kuma ɗora laifin a kan kamfanin sadarwa.

Sai dai ba kowace katsewa ce ke fitowa daga kamfanin ba. Wani lokaci turken sadarwa yana aiki lafiya, akwai data a layi, amma wata ƙaramar manhaja da ke cikin kwamfutar, wadda masu gyara ke kira direba, ita ce ta samu tangarɗa.

A kan iyaka kuwa akwai ƙarin wani dalilin, domin waya na iya tsallakawa ta kama sabis ɗin jamhuriyar Benin ba tare da mai ita ya ɗaga daga inda yake zaune ba.

Alamun waɗannan matsaloli dai kusan iri ɗaya ne, amma maganinsu daban-daban ne. Ga bayanin yadda ake bambance su.

Mene ne direba?

Kowace kwamfuta ko wayar zamani tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, kamar Windows ko Linux ko Android.

Tana kuma da sassa na ƙarfe da roba da ake iya taɓawa: allo, da lasifika, da kyamara, da ɗan ƙaramin katin sadarwa da ke kama Wi-Fi ko sabis ɗin waya.

Kamfanoni daban-daban ne ke ƙera waɗannan sassa, irin su Intel da Realtek da Broadcom da Qualcomm, kuma kowane sashe yana da irin umarnin da yake ganewa.

Direba shi ne tafinta tsakanin babbar manhajar da kowane sashe. Aikinsa kamar na tafintan da ke tsakanin Bahaushe da Badendi ko mai jin Faransanci a kasuwar kan iyaka: idan ya yi kuskure, ciniki kan lalace alhali kowane ɓangare ya faɗi daidai.

Abin da ya sa kuskuren direba ya fi na sauran manhajoji haɗari shi ne, yana aiki ne a can cikin zuciyar babbar manhajar.

Idan manhajar kallon bidiyo ta cije, rufe ta kawai ake yi a sake buɗewa. Amma idan direba ya cije, yana iya ɗauke intanet baki ɗaya, ko ma ya kashe kwamfutar ta nuna shuɗin allo.

Me ke lalata direba?

Mafi yawan lokuta matsalar kan biyo bayan wani sauyi ne da aka yi wa kwamfutar.

Na farko shi ne sabuntawar da babbar manhajar ke yi da kanta. A watan Disambar 2023, kamfanin Microsoft ya amsa cewa wata sabuntawa da ya fitar ta Windows 11 ta hana wasu kwamfutoci haɗuwa da Wi-Fi, musamman a jami'o'i da manyan ma'aikatu, lamarin da ya sa ya janye sauyin da ya haddasa hakan.

Na biyu shi ne wanke kwamfuta a sake ɗora mata Windows, abin da ake yawan yi wa kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Sau da yawa Windows ɗin kan hau lafiya, amma direban katin sadarwa ba ya cikinsa.

Na uku shi ne tsufa. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga watan Oktoban 2025. Sababbin na'urorin raba intanet na ci gaba da fitowa, amma direbobin tsofaffin kwamfutoci sun tsaya inda suke.

Akwai kuma batun dokokin ƙasashe. A Amurka an kayyade wa Wi-Fi na yau da kullum tashoshi 11 ne, yayin da a Turai da wasu ƙasashe da dama ake amfani da 13.

Saboda haka kwamfutar da aka saita direbanta da dokar Amurka tana iya kasa ganin na'urar raba intanet da ke kan tasha ta 12 ko ta 13, duk da cewa wayoyin da ke ɗakin suna ganinta. Mayar da na'urar kan tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11 kan warware wannan.

Me ya sa kan iyaka ya bambanta?

Bagudo na maƙwabtaka da jihar Alibori ta arewacin Benin. Hanyar Tsamiya tana bi zuwa Segbana, ta Lolo kuma tana nufar Malanville, babbar kasuwar da ke bakin kogin Kwara.

Saƙon da turken sadarwa ke watsawa bai san iyakar ƙasa ba. A tsarin GSM, wanda aka fara amfani da shi a Najeriya a watan Agustan 2001, turke ɗaya na iya kai saƙo har kilomita 35 idan fili ya buɗe.

Ƙa'idar waya ita ce ta fara neman turken kamfaninta. Idan ta rasa shi, misali saboda injin da ke ba turken wuta ya tsaya, sai ta nemi wani kamfanin da ke da yarjejeniya da nata, ko da kuwa a wata ƙasar yake. Wannan aron turke shi ake kira romin.

A Najeriya akwai MTN da Airtel da Glo da kuma T2, wato tsohon 9mobile da ya sauya suna a 2025. A Benin kuwa akwai MTN da Moov Africa da kuma Celtiis, mallakar gwamnati, wanda ya fara aiki a 2022.

Da yake MTN na ƙasashen biyu, mai waya na iya ganin sunan da ya saba gani a allo, bai lura cewa layinsa ya tsallaka ba. Agogon wayar ma ba zai tona asirin ba, domin lokacin Najeriya da na Benin ɗaya ne.

A nan ne ake samun ruɗani. Yawancin wayoyi na zuwa ne da datar romin a kashe, don haka sandunan sabis kan cika, amma intanet ba ya tafiya.

Kwamfutar da ke jan intanet daga irin wannan waya za ta nuna cewa ta haɗu da Wi-Fi amma babu intanet, alamar da ta yi kama da ta lalacewar direba.

Idan kuma datar romin a kunne take, kuɗin da ke layin na iya ƙarewa cikin ɗan lokaci, saboda kunshin datar da aka saya don amfanin cikin gida yawanci ba ya aiki a wata ƙasa.

A shekarar 2017 ƙungiyar ECOWAS ta amince da wata ƙa'ida ta rage tsadar romin tsakanin ƙasashenta, amma ana aiwatar da ita ne ƙasa da ƙasa. Benin ta fara aiwatarwa da Togo da Ghana a 2024. Mai layin Najeriya dai gara ya tambayi kamfaninsa farashin kafin ya kunna.

Ta yaya za a gane waya ta tsallaka?

Alama ta farko ita ce harafin R da kan fito kusa da sandunan sabis a wayoyi da yawa. Ta biyu kuma saƙon maraba da zuwa Benin da kamfani kan aiko.

Kowace ƙasa tana da lambarta a tsarin sadarwar wayoyi: ta Najeriya 621, ta Benin 616, ta Nijar 614. Idan aka sa waya ta nemo kamfanonin da ke kusa, wasu wayoyi da modem kan nuna waɗannan lambobi a maimakon suna.

Maganin shi ne a shiga saitin waya, sashen zaɓen kamfanin sadarwa, a cire shi daga zaɓi da kansa, a zaɓi kamfanin Najeriya da hannu. Daga nan wayar ba za ta ƙara tsallakawa ba, sai dai ta nuna babu sabis idan turken gida ya ɗauke.

Haka ake yi wa modem da na'urar POS, waɗanda su ma layin waya ne a cikinsu.

Yana da kyau kuma a riƙa adana lambobi da lambar ƙasa, wato +234 ga na Najeriya, +229 ga na Benin. Tun ranar 30 ga watan Nuwamban 2024 lambobin Benin suka koma guda 10 bayan an ƙara musu 01 a farko, don haka tsohuwar lambar abokin ciniki na Malanville da ba a gyara ba ba za ta shiga ba, komai ƙarfin sabis.

Daga ina ake fara bincike?

Ƙa'idar masu gyara ita ce a fara daga waje a nufo ciki, kuma a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya sauya abubuwa uku a tare, ko da matsalar ta warware, ba zai san wanne ne ya warware ta ba.

Mataki na farko shi ne a tambayi maƙwabta. Idan duk masu layin kamfani ɗaya a garin ba su da intanet, matsalar daga turke take ko daga wayar ƙarƙashin ƙasa da ke kai masa saƙo, wadda masu aikin hanya kan tsinka.

Tana ma iya kasancewa daga nesa ƙwarai. A ranar 14 ga watan Maris na 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, sun lalace a gaɓar yammacin Afirka, abin da ya jawo cikas ga intanet da harkokin bankuna a Najeriya da Benin da wasu ƙasashen yankin.

Mataki na biyu shi ne layin kansa: ko akwai data, ko an rufe shi, ko ya tsallaka iyaka. Sanya layin a wata wayar kan ba da amsa nan take.

Mataki na uku shi ne na'urar da ke raba intanet ɗin. Idan wata waya ko wata kwamfutar ta haɗu da ita tana aiki, to ita lafiyarta lau.

Sai bayan an wanke waɗannan ukun ne ake komawa kan kwamfutar. A nan ma akwai ƙananan abubuwa da ake dubawa kafin direba: ko an danna maɓallin kashe Wi-Fi, ko tana yanayin jirgin sama, ko kuma kwanan watanta ya koma baya.

Wannan na ƙarshen ya zama ruwan dare a tsofaffin kwamfutoci da ɗan batirin agogonsu ya mutu. Shafukan bankuna da na hukumomi ba sa buɗewa idan kwanan wata ba daidai yake ba.

Waɗanne alamu ne ke nuna direba ne?

Zargi kan faɗa kan direba idan kwamfuta ɗaya ce tak ke da matsalar, kuma ta fara ne bayan sabuntawa ko wankewa.

Sauran alamun sun haɗa da ɓacewar alamar Wi-Fi gaba ɗaya, da katsewar intanet duk lokacin da aka rufe murfin kwamfutar aka sake buɗewa, da kuma shuɗin allo a daidai lokacin da ake ƙoƙarin haɗawa.

A Windows akwai wani sashe mai suna Device Manager da ke jera dukkan sassan kwamfutar. A kwamfutocin da suka biyo ta Kwatano da Windows na Faransanci, sunansa Gestionnaire de périphériques.

Idan katin sadarwa na da matsala, za a ga alamar motsin rai cikin ruwan ɗorawa a jikin sunansa, tare da wata lamba.

Lamba 28 na nufin ba a ɗora direban ba sam. Lamba 10 na nufin sashen ya kasa tashi. Lamba 43 kuwa na nufin Windows ya tsayar da sashen ne saboda ya kai rahoton matsala.

Masu gyara kan kuma yi amfani da wasu gajerun umarni. Umarnin ipconfig yana nuna adireshin da kwamfutar ta samu. Idan ya fara da 169.254, to na'urar raba intanet ba ta ba ta adireshi ba, ita ce ta laƙaba wa kanta.

Umarnin ping kuma kamar sallama ne a jira amsa. Idan aka aika shi zuwa 8.8.8.8, wata na'urar kamfanin Google, ya samu amsa, amma shafuka suka ƙi buɗewa da sunansu, to direba lafiyarsa lau. Matsalar tana wajen tsarin DNS ne, wanda ke mayar da sunan shafi zuwa lamba.

Gwaji mafi yanke shakka shi ne a tayar da kwamfutar da Linux daga filash ba tare da an ɗora shi ba. Idan Wi-Fi ya yi aiki a can, katin lafiya yake, direban Windows ne ke da laifi. Idan ya ƙi a duka biyun, zargi ya fi karkata ga katin ko wayar eriyarsa.

Yaya ake gyarawa?

Idan matsalar ta biyo bayan sabuntawa ne, a cikin Device Manager akwai maɓallin Roll Back Driver da ke mayar da tsohon direban, muddin kwamfutar na riƙe da shi. Ana kuma iya cire sabuntawar ta ƙarshe daga saitin Windows.

Idan hakan bai yi ba, ana cire direban a kashe kwamfutar a kunna, domin Windows ya sake ɗora shi.

Ga kwamfutar da ke katsewa bayan ta yi barci, ana cire izinin da aka ba ta na kashe katin sadarwa don tattalin batiri, wanda ke cikin saitin katin.

Idan babu direban gaba ɗaya, akwai wata sarƙaƙiya: ana buƙatar intanet a sauko da direba, ana kuma buƙatar direba a samu intanet.

Mafita ita ce a haɗa wayar Android da kwamfutar ta igiyar USB a raba mata intanet ta nan, tunda Windows na zamani kan zo da direban wannan hanyar. Ko kuma a sauko da shi a waya a kwafa.

Don kada a ɗauko wanda ba shi ba, ana duba lambar shaidar katin a Device Manager. Lambar 8086 ta Intel ce, 10EC ta Realtek, 14E4 ta Broadcom, 168C kuma ta Atheros.

Daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko katin kaɗai ya kamata a ɗauko direba. Manhajojin da ke tallar cewa za su sabunta dukkan direbobi kyauta na daga cikin hanyoyin da 'yan damfara ke bi su shiga kwamfuta, kuma wannan babban haɗari ne ga wanda ke hulɗa da asusun bankin jama'a.

Idan katin ne ya mutu, ɗan ƙaramin katin Wi-Fi da ake soka wa a ramin USB kan maye gurbinsa ba tare da an sayi sabuwar kwamfuta ba.

Shin manyan kamfanoni ma na ruɗewa?

Ƙwarai kuwa. A shekarar 2008 masu gwajin sabon Linux mai lamba 2.6.27 suka fara kokawa cewa katin sadarwar Intel da ke kwamfutocinsu ya daina aiki, kuma ko an koma tsohuwar manhaja ba ya farfaɗowa.

An gano cewa wani abu ne ke gogewa ko lalata bayanan da ke cikin ƙwaƙwalwar katin kansa. Nan take zargi ya faɗa kan direban katin, mai suna e1000e, har masu haɗa Ubuntu da openSUSE suka kashe shi a manhajojinsu na gwaji.

Binciken ya yi wuya saboda kowane gwaji na iya kashe wani katin. Intel ya fara da fitar da gyaran da ke kulle ƙwaƙwalwar katin don kada a iya rubutu a cikinta.

Sai a watan Oktoba aka gano asalin lamarin, kuma ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Wani sabon sashe na Linux mai suna ftrace, wanda ba shi da alaƙa da sadarwa, shi ne ke rubutu bisa kuskure a wurin da ba nasa ba.

Misali na baya-bayan nan shi ne na ranar 19 ga watan Yulin 2024, lokacin da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika da wata sabuntawa mai kuskure ga manhajarsa da ke aiki a matsayin direba a Windows.

Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka tsaya a duniya. An soke tashin dubban jiragen sama, ayyukan asibitoci da bankuna suka samu cikas, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu kafin su tashi.

Me za a tanada tun kafin matsala?

Ga mai sana'ar da ta dogara da intanet a wurin da ke nesa da manyan masu gyara na Birnin Kebbi ko Sakkwato, tanadi ya fi sauƙi a kan tafiya.

Abu na farko shi ne a kwafi direban katin sadarwa a filash tun kwamfutar na aiki, a ajiye shi.

Na biyu, a riƙe layukan kamfanoni biyu, a kuma saita kowanne ya tsaya kan kamfanin gida.

Na uku, a ɗage sabuntawar Windows daga ranar kasuwa ko ranar rufe rajistar jarrabawa zuwa ranar da aiki ya yi sauƙi. Ɗagewa ake nufi ba dainawa ba, domin sabuntawar ce ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi.

Na huɗu, a kare modem da kwamfuta daga zafin bazara da ƙurar hunturu, saboda na'urar da ta yi zafi fiye da kima kan katse sadarwa da kanta.

Idan ta kama dole a je wurin mai gyara, a tafi da bayanai uku: ranar da matsalar ta fara, abin da aka sauya kafin ta fara, da lambar da Device Manager ya nuna. Wannan kan rage yiwuwar a wanke kwamfutar ba gaira ba dalili, a yi asarar takardun da ke cikinta.

Idan kuwa bincike ya nuna laifin na kamfanin sadarwa ne, ko an cire wa mutum kuɗin romin alhali bai bar Najeriya ba, sai ya fara kai ƙara ga kamfanin ya karɓi lambar ƙorafi.

In ba a biya masa buƙata ba, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, na karɓar ƙorafin masu amfani da waya a lambar 622, wadda kiranta kyauta ne.